Wata shida ina rubuta INSERT da UPDATE da hannuna a sqlite3

Ƙaramar manhajar rajistar ma'aikata nake kula da ita, da harshen Python aka rubuta ta, bayananta kuma suna cikin rumbun bayanai na SQLite. Na zaɓi in riƙa rubuta umarnin SQL (harshen ba rumbun bayanai umarni) da kaina ta hanyar sqlite3, wanda ke zuwa tare da Python tun sigar 2.5, don haka babu abin da na sauke. Gaskiya na ji daɗinsa, domin abin da na rubuta shi ne abin da rumbun bayanan ke aiwatarwa.

Darasin farko suna ne ya koya min shi. Da fari ina liƙa sunan mutum kai tsaye cikin jimlar INSERT (umarnin saka sabon layi), komai lafiya, har ranar da aka shigar da suna mai alhamza, irin su Sa'adatu. Nan take umarnin ya karye, don SQL ya ɗauki alhamzar a matsayin ƙarshen rubutu. Ta wannan ƙofar ce kuma ɓata-gari ke cusa nasu umarnin. Maganin yana da sauƙi: ka sa alamar tambaya a gurbin kowace ƙima, ka miƙa ƙimomin daban ga execute, mai gudanar da umarnin. Sai dai alamar ba ta tsaya wa sunan tebur, kuma idan ƙima ɗaya ce a cikin baka, dole a bi ta da waƙafi.

Abin da ya fi ci min lokaci shi ne commit, wato adana sauye-sauye. Ka gudanar da UPDATE (umarnin sauya bayanai), babu wani kuskure, ka rufe ba ka yi commit ba, ka dawo ka tarar babu abin da ya sauya! Yanzu duk rubutuna cikin "with" nake sa shi: in ya yi nasara ya adana, in an samu matsala ya mayar da komai yadda yake. A kula, ba ya rufe haɗinka da rumbun bayanan, wannan aikinka ne.

Bayan kowane UPDATE ina duba rowcount, wato adadin layukan da aka sauya. In layi ɗaya nake nufi na ga ɗaruruwa, to akwai matsala a WHERE (sharaɗin zaɓen layuka), sai in kira rollback in soke sauyin tun kafin a adana.

Shi kuwa executemany, mai maimaita umarni ɗaya a kan ƙimomi da yawa, na yaba masa wajen zuba layuka da yawa, amma ba ya sabunta lastrowid (lambar layin ƙarshe da aka saka), don haka idan ina buƙatar lambar sabon layi, execute nake komawa.