Kwana uku a wata kilinik a Damagaram, lokacin da fitsarin Baba ya ƙafe

Cikin zafin watan Afrilu Baba ya yi zawo da amai kwana biyu. Zawon ya tsaya muka yi hamdala. Inna ce ta lura butarsa na nan cike tun asuba, bai zagaya ba. Da ya yi kuma, ɗan kaɗan ne, ja kamar shayin da ya jima kan gawayi. Wani maƙwabci ya kawo ƙwayar sa fitsari, Allah ya taimake mu ba mu ba shi ba, muka ɗauke shi daga Birni zuwa wata kilinik mai zaman kanta.

Abin da ya burge ni, ba su yi garaje ba. Likitan ya danna mararsa, ya ce: "Baba, kuna jin fitsarin ya ƙi fita ne, ko ba ku jin shi sam?" Aka yi ekografi, wato hoton cikin jiki, mafitsara wayam, ke nan ba toshewa ba ce irin wadda prostat, wani ƙulli da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, ke jawo wa dattawa. Ruwan jiki ne ya ƙare, jini bai isa ƙoda sosai. Ya tambayi magungunan da yake sha, nan diklofenak ɗin ciwon gwiwa ya fito daga aljihun Baba. Likita ya hana shi nan take, ya ce yana ƙara wa ƙoda wahala in jiki ya bushe, ƙwayar maƙwabcin ma da ta ƙara tatse shi.

Suka sa ƙarin ruwa, da robar fitsari mai jaka mai awo. Ranar farko mililita 300 ya taru. Ƙasa da 400 a awa 24 ga babba shi ne ƙarancin da ake tsoro. Ban taɓa zaton zan zauna ina kallon ɗigon fitsari ina addu'a ba. Rana ta uku ya haura lita ɗaya, kreyatinin, dattin jini da ake aunawa don ganin aikin ƙoda, ya sauka.

Aibinsu ba zan ɓoye ba. Sakamakon awon jini sai bayan la'asar ya fito, alhali tun safe aka ɗiba. Da dare majo, wato nas, ɗaya ne ga ɗakuna duka, ni na riƙa rubuta awon a bayan takardar magani. Bayi babu ruwa, sai da muka sayi jarka wajen ɗan ga-ruwa. Na san matsalar ruwa ta Damagaram, amma asibiti ya kamata ya tanadi nasa.

Duk da haka, in ta sake tasowa can zan mai da shi.