Tikitin kyauta da ya kunyata ni a gaban Kawu

Shekara biyar ke nan ina zaune a Bilbao, garin da yawancinku kuka sani ta hanyar ƙwallo, amma ban taɓa jin kunya irin wadda na ji wata ranar Asabar a watan Agusta ba. Kuma ba wani Bature ne ya ci min mutunci ba. Hannuna ne ya jawo min.

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya zo Sifaniya sayen tayil a Castellón. Da ya gama harkarsa ya ce ba zai koma Kano ba sai ya ga inda nake kwana. Baƙo irin wannan ba a ajiye shi a ɗaki. Na ɗauki hutu, na ce zan zaga da shi gaɓar tekun ƙasar Bask, mu fara da San Juan de Gaztelugatxe. Wani ƙaramin tsibirin dutse ne tsakanin Bakio da Bermeo, kimanin kilomita 35 daga Bilbao. Siririyar gadar dutse ce ta haɗa shi da tudu, daga nan sai matakala 241 da suka nannaɗe jikin dutsen har ƙololuwa, inda aka gina wata 'yar majami'a da sunan Annabi Yahaya. Tun da wani shirin talabijin na Amurka ya nuna wurin a 2017, jama'a suka yi masa caa daga ko'ina a duniya, har hukuma ta ƙayyade yawan masu shiga saboda kada ƙafa ta cinye hanyar kuma kada a kori tsuntsayen da ke sheƙa a duwatsun.

Mun iso bakin hanyar, sai ga wata budurwa da na'ura a hannu tana duba wayoyin mutane. Ta ce tikiti. Na ce nawa ne? Ta ce ba a biyan ko sisi, sai dai mutum ya yi rajista ta intanet a ba shi lokacin da zai shiga, kuma na yau sun ƙare. Na yi mata bayani da duk Sifaniyancin da ke bakina: dattijo ne, daga Afirka ya zo, ranar Talata zai tafi. Ta ce ta fahimta, amma babu gurbi. A nan ne na zaro yuro 20, na naɗe a tafin hannu, na miƙa mata a kaikaice, irin miƙawar da kowa a cikinku ya sani.

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kira ɗan sanda ba. Ta ja baya taku ɗaya, ta kalli hannun, ta kalle ni, ta ce a hankali in mayar da kuɗina aljihu, in ta bar ni na shiga to gurbin wani ta ba ni. Sannan ta ce in buɗe wayata, ta tsaya ta nuna min inda ake rajistar, ta nemo mana gurbin safiyar Litinin, ta juya ga na bayana kamar ba abin da ya faru. Da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

Kawu ba ya jin yarensu, amma ya ga hannun. Bai ce uffan ba sai da muka zauna a bas. Na ce, "Kawu, a yi min afuwa, na ba ku kunya." Ya daɗe yana kallon taga, sannan ya ce, "Ɗana, a hannunmu ka gani."

Abin da ya hana ni barci a daren shi ne, a shekara biyar ɗin nan ban taɓa ba wa kowa na goro ba. Na yi takardun zama, na je asibiti, na buɗe asusun banki, duk layi na bi. Na ɗauka na rabu da abin. Ashe ƙofa ce ba a taɓa rufe min ba. Ranar da aka rufe, kafin in yi tunani hannu ya riga ya kai aljihu. A wurinmu duk wanda aka ajiye a bakin ƙofa, ƙofar ce gonarsa, mai shiga ya sani, mai gadi ya sani, wanda ya ajiye mai gadin ma ya sani. Kuma mun sa a ranmu cewa abin da aka ce kyauta ne ba shi da mai shi, balle doka. Nan kuwa ga abu kyauta, an ɗauki ma'aikata ana biyansu albashi don su tsare shi, kuma attajiri da ɗalibi hanya ɗaya suke bi su samu gurbi.

Da yake ranar ta riga ta ɓaci, muka gangara Bermeo, garin masunta, muka hau jirgin ƙasan Euskotren da ke bin gefen fadamar Urdaibai ta Mundaka, inda samari ke hawan igiyar ruwa a kan allo. Kati ɗaya ne a aljihuna, Barik sunansa, da shi nake hawa bas da jirgin ƙasa da na ƙarƙashin ƙasa. Babu kwandasta, babu rigimar canji, babu ƙarin kuɗi don an ga hadari ya haɗo. Muka sauka a Gernika. Ranar 26 ga Afrilu 1937, Litinin ce kuma ranar kasuwar garin, jiragen yaƙin Jamus da Italiya da ke taimakon Janar Franco suka yi masa ruwan bama-bamai. Yau in ka gan shi ba za ka ce an taɓa ƙona shi ba. Akwai wata bishiya a garin da sarakunan da suke rantsuwa a ƙarƙashinta cewa za su kiyaye dokokin mutanen Bask. Tsohuwar ta mutu, amma an killace kututturenta a cikin rumfar dutse, an dasa jikanyarta. Kawu ya tsaya a gaban kututturen nan, ni kuma badala ce ta faɗo min a rai, yadda muke kallo ana yagar ta ana kwasar ƙasa, ana gini a kanta, muna wucewa.

Da yamma na kai shi gadar Bizkaia, tsakanin Portugalete da Getxo, kuma ita ce ta fi burge shi a duk tafiyar. Ba irin gadar da kuka sani ba ce. Ƙarfe ne aka gitta can sama da kogin, tsayin mita 45 don jiragen ruwa su wuce ta ƙasa, aka rataya wani ɗaki da igiyoyin ƙarfe, shi ke ɗaukar mutane da motoci ya haye da su cikin kamar minti ɗaya da rabi. An buɗe ta a 1893, shekara goma kafin Turawa su ci Kano, shekara 18 kafin dogo ya iso garinmu. An tarwatsa samanta a yaƙin basasa a 1937, aka gyara, ta koma aiki a 1941. Hukumar UNESCO ta sa ta cikin kayan tarihin duniya a 2006, amma ba a mayar da ita abin kallo kawai ba, ma'aikata da 'yan makaranta da ita suke hayewa kullum, kuma kuɗin bai kai yuro ɗaya ba. Kawu ɗan kasuwa ne, ƙarfen ya dinga shafawa yana duba fenti. Tambayarsa ɗaya: wa ke zuba mata mai? Gidan kayan tarihi na Guggenheim, wanda aka buɗe a 1997 kuma shi ya fitar da sunan Bilbao, daga waje muka gan shi, da ƙaton karen furannin da ke ƙofarsa. Bai ɗauki hankalin Kawu ba, ni ma ban matsa ba.

Kada ku ɗauka komai daɗi ne. Ranar Lahadi muka tafi Donostia, wato San Sebastián, tafiyar sa'a ɗaya da 'yan mintuna a bas. Garin kyakkyawa ne, bakin tekun La Concha ya lanƙwasa kamar ƙwarya da tsibirin Santa Clara a tsakiya, kuma in ka hau dutsen Igeldo a 'yar tsohuwar tarago da ake ja da waya tun 1912 za ka ga duk garin a tafin hannunka. Amma yunwa ta kusa kayar da mu a garin da ake yi wa kirari da abinci. A tsohuwar unguwa kowace mashaya ta jera ƙananan ciye-ciyen da suke kira pintxos a kan kanta, sai dai cinyar alade na rataye a saman kanka, kuma kusan duk abin da ka nuna sai an ce akwai ɗan yanka a ciki. Ko wake ne sai ka tambaya da me aka dafa. Loma biyu yuro uku ko huɗu. Muka tsira da wainar ƙwai da dankali da wani tsinke na zaitun da barkono da ɗan kifi. Kantuna a rufe don Lahadi ce. Gidan abinci kuwa in ƙarfe huɗu ta wuce an kashe murhu sai takwas na dare, ko kuɗinka ya kai nawa. Na tuna mai shayin bakin layinmu da ba ya sanin dare, da mai tsiren da zai ba ka ɗanɗano kafin ka saya, wallahi har ƙwalla ta taru min.

Banɗakin jama'a tsaf, amma babu buta, sai gorar da nake yawo da ita a jaka. Wurin sallah babu, a kan ciyawa muka yi azahar da la'asar, ko da yake ba wanda ya ɗaga ido ya kalle mu. Bakin teku a watan Agusta kuwa ba wurin da za ka kai kawunka ba ne. Ga masu ceto a kan kujera, ga tuta mai nuna ko ruwan ya yi haɗari, ga famfon wanka kyauta, duk na yaba, amma shigar mutane ta sa Kawu ya dinga kallon takalminsa har muka bar wurin. Ga karnuka a ko'ina, har cikin jirgi. Gaisuwa kuma kalma ɗaya ce, kaixo, an wuce. Babu ina gajiya, babu yaya iyali.

Getaria ce ta wanke mana rai. Ƙaramin gari ne, mahaifar Juan Sebastián Elcano, wanda ya dawo da jirgin farko da ya zagaye duniya a 1522 da mutum 18 kacal. A can a ƙofar gidajen abinci ake gasa kifi a kan gawayi, a fili, hayaƙi na tashi a titi. Kawu ya shaƙi ƙamshin ya ce yau ya ga abin da ya sani. Mun ci, da tsada, amma da ɗan yajin da ya zo min da shi daga gida.

Safiyar Litinin yayyafin nan nasu da ba ya ƙarewa, wanda suke kira sirimiri, yana sauka. Tun a bas gabana ke faɗuwa kada in tarar da budurwar. Ita ce kuwa. Na miƙa wayata, ta ɗora na'urar, ta yi ƙara, ta yi wa Kawu murmushi ta ce mu yi hankali da gangaren, akwai santsi. Na ce mata eskerrik asko, na gode ke nan da yarensu, ban iya haɗa ido da ita ba.

Gangaren ya fi matakalar wahala. Kawu ya huta sau huɗu, yana ƙirga matakala da carbi a hannu, ya ce shi 239 ya samu, biyu sun ɓace masa a wurin hutawa. A sama iska kamar za ta ɗauke hula, teku na dukan dutse ta kowane gefe, ba leda ko ɗaya a ƙasa, ba wanda ya rubuta sunansa a bango. Ya zauna a kan dakali ya daɗe yana tasbihi. Sannan ya ce in ɗauke shi hoto da matakalar a bayansa, ta fito sosai, zai nuna wa abokansa na Kantin Kwari, kuma in ya koma sai ya hau Dala, rabonsa da ita tun yana saurayi.