Shagon da ya gyara mana faifan bikin Auta

Inna ba ta kallon bidiyo a waya. Ta ce hoton ya yi mata ƙanƙanta, ido kuma ba kamar da ba. Abin da ta saba da shi shi ne na'urar DVD ɗinta da ke ƙarƙashin talabijin a falonta na Tudun Wada a Kaduna, wadda take lulluɓewa da ɗan ƙyalle saboda ƙura. Shi ya sa da aka yi bikin autarmu na dage sai mai bidiyo ya buga mana a faifai, duk da ya ce yanzu kowa a filash yake karɓa. Wata huɗu bayan bikin, Baba ya rasu, Allah ya jiƙansa, sai ya zama faifan nan shi ne wuri na ƙarshe da ake ganinsa yana tafiya da ƙafarsa, yana magana, yana dariya.

To faifan ne ya ƙi zama lafiya. In mutane na zaune, hoto garau. Da zarar wani ya miƙe ko kamara ta juya, sai hoton ya riƙa fizga, kamar ana jan mutum ana sakinsa. Akwai wurin da Baba ya tashi daga tabarma bayan an shafa fatiha, ya gyara babbar rigarsa ya nufi ƙofa. Daidai nan ne abin ya fi muni. Can wajen ƙarshen faifan kuma, lokacin kai amarya, sai hoton ya tarwatse ya koma ƙananan murabba'ai, murya ta sarƙe, na'urar ta yi ta ƙara a ciki, daga nan ta tsaya cak. Inna ba ta taɓa yin ƙorafi ba. Rimot kawai take ajiyewa ta ce, “Bar shi, Babangida, haka Allah ya so.” Wannan maganar ce ta hana ni sukuni.

Na koma wurin wanda ya ɗauki bikin. Ya saka faifan a kwamfutarsa, ya nuna mini yana tafiya, ya ce na'urarmu ce ta tsufa. Na ɗauki na'urar na kai wa mai gyara, ya buɗe ta, ya goge idonta, kuma gaskiya ƙurar hunturu ta taru a ciki. Amma da muka saka faifan wa'azi na kamfani da Inna ke da shi, ya yi tafiyarsa tiryan-tiryan har ƙarshe, namu kuwa yana nan yadda yake. Mai gyaran, Allah ya saka masa, shi ya ce kada in ɓata kuɗina wajen canja ido, in nemi mai haɗa bidiyo da ya san aikinsa. Shi ya kwatanta mini shagon da nake son yin magana a kai.

Shagon yana cikin wani lungu da ke bayan titin Ahmadu Bello, in ka doshi Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi. Ɗan ƙarami ne, benci ɗaya, mutum uku in suka zauna na huɗu sai tsayuwa. Abin da na fara lura da shi, ban kuma gan shi a wancan wurin ba, shi ne tsofaffin na'urorin DVD guda uku da aka jera a kan kanta, irin waɗanda ke gidajenmu, ga tsohuwar talabijin mai ƙeya a gefe ɗaya, ga ta bango a ɗaya gefen. Mai shagon matashi ne, ba zai wuce shekara 35 ba. Da na miƙa masa faifan bai kai shi kwamfuta ba. Ya juya bayansa a hasken ƙofa, ya duba, ya shafa takardar hoton ango da amarya da aka manna a samansa, sannan ya saka a ɗaya daga cikin na'urorin nan ya zauna yana kallo shiru kusan minti goma. Ya tsallaka ƙarshe, ya ga inda yake tsayawa. Sai ya ce, “Yaya, ciwo biyu ne a faifan nan, kuma ba dangin juna ba ne. Wanne kake so in fara yi maka bayani?”

Na farko shi ne fizgar. Ya tambaye ni ko an haɗa da bidiyon waya a ciki. Na ce ƙwarai, domin mai kamarar bai iso ɗaurin aure da wuri ba, ƙannena ne suka ɗauka da wayoyinsu aka ba shi ya haɗa. Ya gyaɗa kai. Bidiyo, in ji shi, hotuna ne ake jerowa da sauri. Tsarin talabijin da muke bi a Najeriya, wanda ake kira PAL, hoto 25 yake nunawa a daƙiƙa ɗaya, kuma hakan ya samo asali ne daga wutar lantarkinmu mai bugu 50. Amurka na bin NTSC, mai hoto kusan 30, wato 29.97, domin tasu wutar mai bugu 60 ce. Yawancin wayoyi kuwa 30 suke ɗauka in ba ka canja musu ba. To in aka ɗauki bidiyon waya aka tura shi cikin faifan PAL ba tare da kula ba, manhajar sai ta zubar da hoto ɗaya cikin kowane shida don lissafi ya daidaita. Sau biyar ke nan a kowace daƙiƙa ana tsallake taku. Mutumin da ke zaune ba za ka ga komai a jikinsa ba, amma mai tafiya dole ya yi fizga. Ya ɗauki rimot ya riƙa matsa hoton ɗaya bayan ɗaya a daidai inda Baba ke miƙewa, yana ƙirgawa da baki: ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar, sai hannun rigar ya yi tsalle. Da idona na gani. Ya ƙara da cewa waya ba ta ma tsayawa a 30 ɗin daram, in haske ya ragu takan rage yawan hotunan da kanta, wanda hakan ke ƙara rikita manhajar da ba a saita ta da kyau ba.

Ciwo na biyu na faifan ne kansa. Faifan DVD da ake bugawa a shago gigabait 4.7 yake ɗauka, kuma na'ura daga tsakiya take fara karantawa ta nufi baki. Namu an cika shi maƙil har bakin, da bidiyon da bai fi awa ɗaya da 'yan mintuna ba. Dalili, an matsa nauyin hoton kusa da ƙololuwar abin da ƙa'idar DVD ta yarda, wato megabit 9.8 a daƙiƙa na hoto, 10.08 in an haɗa da sauti, wai don ya fi kyau. Faifan kamfani da aka buga da injin matsi yana iya jure hakan. Wanda aka rubuta da hasken leza a kan rini, musamman mai araha, bakinsa ne wurin da ya fi rauni, kuma tsohon ido yana wahala kafin ya tsamo bayanai da wannan saurin. Ga takardar da aka manna a sama, wadda in ta ɗan karkace ko zafi ya ɗaga gefenta takan sa faifan ya riƙa rangaji yana juyawa. Kwamfuta tana da ƙarfin sake karantawa ta adana kafin ta nuna, shi ya sa a can ba a ganin matsalar.

Abin da ya sa na amince da shi shi ne maganar da ya yi bayan wannan. Ya ce zai iya kwafe faifan a sabo mai kyau cikin rabin awa in biya in tafi, tsayawar ƙarshen za ta iya warkewa, amma fizgar tana nan, domin hoton da aka riga aka zubar ba ya cikin faifan balle a dawo da shi. Sai an samo asalin bidiyon daga wayoyin da suka ɗauka. Kuma kada a turo ta WhatsApp yadda aka saba, domin yana matse bidiyo ya rage masa kyau. A kawo wayar ya zare da waya, ko a turo a matsayin fayil. Kwana biyu na yi ina zagaye, daga Unguwar Rimi wurin ƙanwata zuwa Kawo wurin ɗan baffanmu, har Rigasa. Mai kamarar ma, bayan ɗan jan rai, ya ba ni nasa asalin.

Yadda ya yi aikin ya burge ni. Bai tilasta wa bidiyon wayar komawa 25 ba. Ya raba aikin gida biyu: abin da kamara ta ɗauka ya bar shi a PAL a faifai ɗaya, na wayoyi kuma ya yi masa faifan NTSC, bayan ya sa na kawo na'urar Inna ya tabbatar tana karanta duka biyun, kamar yadda yawancin waɗanda ake sayarwa a kasuwanninmu suke yi. Ya sauke nauyin hoton zuwa wajen megabit 6, ya matse sautin da tsarin Dolby, ya bar sarari a bakin faifan. Ni dai ban ga bambancin kyau ba a talabijin ɗin Inna, ko kaɗan. Faifan Verbatim ya yi amfani da shi, nau'in DVD-R, wanda ya ce tsofaffin na'urori sun fi sabawa da shi. Ya buga a gudun 4 maimakon 16, abin da ke cin kusan minti 15 a maimakon biyar ko shida, sannan ya bar kwamfutar ta sake karanta faifan gaba ɗaya ta gwada da asalin. Bayan haka ya saka shi a na'urorinsa uku, ɗaya bayan ɗaya, da ta Inna ta huɗu.

Akwai wani abu da ya gano wanda ni ban ma kawo ƙararsa ba. A ɓangaren kamu, in mata na rawa, gefen mayafansu na yin wata karkarwa a tsohuwar talabijin. Ya ce kamarar tana raba kowane hoto gida biyu ne, layi ɗaya a wannan gida, na biye da shi a wancan, tana nuna su bi da bi, wanda ya haɗa na farko kuma ya juya musu tsari, na baya ya riga na gaba. Gyaran wannan bai ɗauke shi komai ba, saiti ɗaya ne.

Ba zan ce komai ya tafi daidai ba. Ya ce mini kwana biyu, sai da aka yi biyar. Ranar farko an ɗauke wuta, kuma ya ce ba ya buga faifai da ƙaramin janaretansa don kada wuta ta yi rawa a tsakiyar aiki, wannan na fahimta. Amma sauran kwanakin aikin wasu ne ya sha gabana, kuma ba ya ɗaga waya in yana aiki, sai ka hau Keke Napep ka je da kanka ka ji inda aka kwana. Mai zuwa daga Barnawa ko Kakuri ya san da wannan. Kuɗinsa ma ya kusa ninka na sauran shaguna sau uku, ko da yake ya faɗa mini tun farko bai kuma ƙara ko sisi ba. Sannan filash ɗin da ya haɗa mini kyauta, don a ajiye saboda gaba, na'urar Inna ta ƙi buɗe shi. Ya saka bidiyon a MP4, ita kuwa tsohuwar na'urar AVI take ganewa ta ramin filash ɗinta. Shi da ya yi ta gwada faifai a na'ura huɗu, ya manta bai gwada filash ba. Da na koma ya ce, “Wallahi laifina ne, Yaya, ka yi haƙuri,” ya sake shi nan take. Kuma ya ƙi manna hoto a kan faifan, da alƙalamin rubutu a faifai kawai ya rubuta suna da kwanan wata. Inna ta so hoton. A ƙarshe a jikin kwalin ya saka mata.

Duk da haka, wanda ke da faifan biki ko na suna ko na saukar karatu da ke yi masa irin wannan, ina ba shi shawara ya nemi shago irin wannan kafin ya sayi sabuwar na'ura. Alamar da zai duba mai sauƙi ce: in ya shiga, ya ga ko akwai na'urar DVD ta gida a kan kanta, kuma ko mai shagon zai tambaye shi da me aka ɗauki bidiyon. Ya tafi da tasa na'urar in zai iya. Ya kuma riƙe asalin bidiyon a wuri biyu, domin faifan da aka buga a shago ba ya son rana, ba ya son zafin cikin mota.

Wani ɗan guntu ne kawai bai samu ba, kamar daƙiƙa 40, inda Baba ke yi wa ango nasiha a zaure. Wayar da ta ɗauki wurin ta faɗa ruwa tun bara. Mai shagon ya ciro shi daga tsohon faifan ya saka a wurinsa yadda yake, da fizgarsa, ya ce bai ga dalilin yanke shi ba tunda muryar tana fita sarai.

Ranar Juma'a bayan la'asar na kai wa Inna. Ta cire ƙyallen da kanta, ta saka faifan ɗaurin auren, ta zauna a kan darduma kusa da talabijin. Aka shafa fatiha, Baba ya dafa gwiwa ya miƙe, ya ɗaga hannun babbar rigar ya aza a kafaɗa, ya taka har ƙofa ba tare da hoton ya ko motsa ba. A bakin ƙofar ya waiwayo ya yi wa wani magana yana murmushi, abin da duk kallon da muka yi a baya ba mu taɓa lura da shi ba. Inna ta miƙo mini rimot ta ce, “Babangida, mayar mini da shi baya kaɗan. Da wa yake magana?”