Ƙaramar kwamfuta a bayan talabijin: Raspberry Pi, Odroid ko Orange Pi?

Kowacce daga cikin ukun nan kwamfuta ce sukutum a kan allo ɗaya da bai wuce tafin hannu ba. Ƙwaƙwalwarta (CPU), RAM, ramin HDMI na fitar da hoto zuwa talabijin, ramukan USB da na kebul ɗin intanet duk suna manne wuri guda. Ka sa mata katin memori mai ɗauke da Kodi, manhajar tsarawa da kunna finafinai da waƙoƙi, ka jona ta da talabijin, shi ke nan ta zama ma'ajiyar finafinai da waƙoƙi da hotunan iyali, kowane fim da fastarsa da bayaninsa a jere. Wutar da take ci ƙalilan ce, Raspberry Pi 4 ba ta kai watt 10 ba ko tana tsakiyar aiki, don haka mutane da yawa ba sa ma kashe ta.

Kafin ka zaɓi allo, buɗe faifan da kake tara finafinanka ka duba irin fayilolin da ke ciki. Kowane bidiyo a matse yake da wani tsari: H.264 ne mafi yaɗuwa, HEVC ko H.265 shi ne na yawancin finafinan 4K, sai VP9 da AV1 waɗanda YouTube ke amfani da su a bidiyoyi masu babban ingancin hoto. A cikin cif ɗin kowane allo, wato guntun da ke ɗauke da ƙwaƙwalwarsa, akwai wani sashe da aka ƙera don warware wasu daga cikin waɗannan tsaruka kaɗai. Idan fayil ya dace da sashen, fim zai tafi sumul, allon ko ɗumi ba zai yi sosai ba. Idan bai dace ba, aikin ya koma kan ƙwaƙwalwar kwamfutar, a nan ne hoto ke fara sarƙewa, murya ta yi gaba leɓe yana baya. Yawan RAM ba ya maganin wannan, ko da ka sayi mai 8 GB.

Raspberry Pi 4, wadda ta fito a 2019 daga Kambirij ta Ingila, ita ce ma'aunin da ake gwada saura da shi. Tana warware HEVC har 4K a firam 60 cikin daƙiƙa, H.264 kuma iyakarta 1080p, ingancin hoton da ke ƙasa da 4K. Riƙe wannan na biyun, domin wasu kyamarori da wayoyi suna ɗaukar 4K da H.264, irin waɗannan fayiloli kuwa suna ba ta wuya. Tana da USB 3.0 don faifan waje, da ramin intanet mai gigabit. Mai RAM 2 GB ta wadatar wa Kodi. Abin da ya fi sa ni karkata gare ta shi ne yawan masu amfani da ita. LibreELEC, tsarin da aka tsage shi don ya ɗauki Kodi kawai, yana fitar mata da sabuntawa a kai a kai, kuma da wuya ka ci karo da matsalar da wani bai riga ka warware ta ba.

Raspberry Pi 5 ta 2023 ta ninka ta sauri, amma a harkar kallo labarin ba haka yake a miƙe ba. An cire mata sashen warware H.264 gaba ɗaya, an bar na HEVC. Ƙwaƙwalwarta tana da ƙarfin ɗaukar H.264 na 1080p ba tare da gumi ba, sai dai ƙarin aiki ƙarin zafi ne, shi ya sa ake haɗa ta da fanka. Fanka kuma, komai ƙanƙantarta, ana jin ta a ɗaki idan fim ya zo wurin shiru. An kuma cire ramin sauti na 3.5 mm, don haka mai tsohuwar sifika sai ya nemi wata hanyar. Cajar da aka tanadar mata ta watt 27 ce. Idan ka ba ta mai amfiya 3, za ta rage wutar da take ba ramukan USB zuwa miliamfiya 600, wanda ba lallai ya juya faifan waje ba. Ribarta a fili take wajen zirga-zirga cikin menu da babbar ma'ajiya mai dubban finafinai, ga maɓallin kunnawa da kashewa wanda magabatanta ba su da shi. Idan allon zai yi wasu ayyuka ban da kallo, ta cancanta. Idan kallo ne kawai, ban ga abin da Pi 4 ta rasa ba.

Pi 3 da ke ajiye a durowa tana iya H.264 a 1080p, ba ta da sashen HEVC. Pi Zero 2 W kuwa RAM ɗinta 512 MB ne, ka bar ta da wani aikin.

Odroid N2+ na kamfanin Hardkernel na Koriya ta Kudu daban take. Cif ɗinta Amlogic S922X ne, kuma Amlogic dama don akwatunan talabijin suke ƙera kayansu, saboda haka tana warware HEVC da VP9 a 4K. Ƙasanta gaba ɗaya ƙarfen shan zafi ne, tana aiki shiru. Tana da idon karɓar rimot a jikinta, tana kuma ɗaukar ma'ajiyar eMMC wadda ta fi katin memori sauri da juriya. Tsarin da ya fi dacewa da ita CoreELEC ne, wanda aka gina musamman don cif ɗin Amlogic. Amma ba ta zuwa da Wi-Fi, ba ta warware AV1, kuma wutar volt 12 take sha, ba ta USB-C ba. Mai tarin finafinan 4K iri-iri wanda yake son ya kunna ya manta, wannan ce tasa.

Orange Pi 5 mai cif ɗin Rockchip RK3588S, a takarda ta doke su duka, har 8K da AV1 an rubuta mata. A hannu kuma, samun tsarin da zai fito da duk wannan ƙarfi cikin Kodi ba tare da kwance-kwance da ɗaure-ɗaure ba ya fi wahala. Ta mai sha'awar gwaje-gwaje ce, ba ta falon da yara za su ɗauki rimot su danna ba.

Akwai wanda bai kamata ya sayi ko ɗaya ba. Idan yawancin kallonka Netflix ne da makamantansa, waɗannan kamfanoni suna kulle bidiyonsu da tsarin kariya irin su Widevine, kuma cikakken inganci sai ga na'urar da aka tantance. Ƙananan allunan nan ba sa cikinsu, ko ka yi dabara ka kunna ba za ka samu 4K ba. Fire TV Stick, Apple TV ko Nvidia Shield sun fi dacewa da kai. Haka ma mai son kafa manhajar Jellyfin ko Plex don raba wa wayoyin gida bidiyo: muddin za a riƙa sauya tsarin fayil nan take, ƙaramar kwamfuta mai cif ɗin Intel N100 ta fi kowace Pi, balle Pi 5 da ba ta da sashen matse bidiyo.

Sauran kayan haɗi ba na ganin dama ba ne, kuma a kansu aka fi yin kuka. Araha ba ta ado a wajen caja. Pi 4 tana son volt 5 da amfiya 3 tsayayyu. Cajar waya mai rauni za ta sa ta rage gudu, faifan waje ya riƙa ƙwas-ƙwas yana ɓacewa yana dawowa. Ramukan hoton Pi 4 da 5 micro-HDMI ne, ba irin na bayan talabijin ba, don haka ka sayi kebul ɗin tare, ka kuma soka shi a ramin da ke maƙwabtaka da na wuta. Katin memori ya zama mai alamar A1 ko A2, tsarin aiki kawai za ka sa a kai, finafinai su zauna a faifan waje, domin yankewar wuta ana cikin rubutu tana iya lalata kati. Akwatin alminiyam wanda jikinsa ke taɓa cif ɗin yana sanyaya Pi 4 ba tare da fanka ba, abin da ke da muhimmanci tunda allon yana rage gudu da kansa idan zafi ya haura digiri 80. Manyan fayilolin 4K da ke zuwa daga wata ma'ajiya a gida sun fi son kebul a kan Wi-Fi.

Rimot kuwa kada ka yi saurin saya. Yawancin talabijin suna da HDMI-CEC, wanda ke ba rimot ɗin talabijin damar sarrafa Kodi ta cikin kebul ɗin hoto. Kowane kamfani da sunan da ya raɗa masa: Samsung na kiransa Anynet+, LG SimpLink, Sony kuma Bravia Sync. A wasu talabijin a kashe yake zuwa, sai ka shiga saiti ka kunna shi, sannan ka sake tayar da allon.