Dashen ciki a wani asibitin kuɗi na Abuja: abin da muka gani ni da maigidana

Idan wata 'yar'uwa ta tambaye ni ko ta je asibitin da aka yi mana dashen ciki, wato IVF, inda ake haɗa ƙwan mace da maniyyin namiji a ɗakin gwaji sannan a dasa a mahaifa, zan ce ta je, amma ta riƙe takarda da biro tun daga ƙofa. Ba zan faɗi sunan asibitin ba. Likitocinsa sun san aikinsu, ofishin karɓar kuɗinsa ne ya sa ni kuka.

Daga Kaduna muke zuwa. Abin da ya fara kwantar min da hankali shi ne likitar ta ƙi duba ni ni kaɗai. Ta dubi maigidana ta ce, "Malam, kai ma sai an auna maniyyinka. Sau da yawa matsalar daga namiji take, ko daga ku biyun." Duk macen da ta sha gorin dangin miji ta san daɗin jin wannan magana daga bakin likita, bayan shekarun da ni kaɗai ake ɗura wa jiƙe-jiƙe. Hoton mahaifa ya nuna ɗaya daga bututun da ƙwai ke bi zuwa mahaifata a toshe, shi kuma ƙwayoyin maniyyinsa sun yi ƙaranci. Ta faɗa mana a tsanake, ba ta kunyata kowa ba.

Ta fuskar addini ma sun kyauta. Maigidana ya riga ya tambayi malaminsa, ya ce masa tun 1980 Muftin Masar na lokacin, Sheikh Jadul Haƙƙ, ya halatta aikin muddin ƙwai na matar ne, maniyyi na mijinta, kuma auren yana nan daram. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya ma ta tafi a kan haka a zamanta na birnin Amman a 1986. Tsoronmu shi ne a cakuɗa namu da na wasu. Ranar dashen sai da ma'aikaciyar ɗakin gwaji ta karanta sunana da nasa da ƙarfi, ta nuna min rubutun da ke jikin kwanon da aka ajiye namu a ciki, na amsa, sannan aka fara.

Jiki kuwa ya sha wuya. Allura kullum a fatar ciki har kusan mako biyu, a lokaci guda ba a kuskurewa, ga sikanin akai-akai don a ga girman ƙwayayen. Allurar ƙarshe ana yin ta kimanin awa 36 kafin a ciro ƙwai, tawa ta faɗo tsakar dare. Nas ɗin da ta koya min yi wa kaina allura tana ɗaga waya ko ƙarfe nawa ne, "Hajiya, kar ki damu" ba ya barin bakinta. Allah Ya saka mata da alheri. Wasu magungunan sai a firji, don haka a gida mun sha sayen fetur na janareta.

Yanzu ga maganar kuɗi. Ranar farko an faɗa mana adadi ɗaya, miliyoyin naira, muka ɗauka shi ke nan. Muka koma gida muka haɗa: kwasar adashena, rancen ƙungiyar ma'aikata ta ofishinsa, da sarƙar zinarin da Hajiyarmu ta ba ni ta aure. Ashe wannan adadin kuɗin aikin ne kawai. Alluran daban ake saye, kuma da jikina ya yi jinkirin amsawa aka ƙara yawansu, kuɗin ya ƙaru. Daga waje ake shigo da su, tun da darajar naira ta faɗi a 2023 farashinsu ba ya zama wuri ɗaya. Da aka zo haɗa ƙwai aka ce saboda ƙarancin maniyyin sai an ɗauki ƙwaya guda an tsira ta cikin ƙwan, wannan ma da kuɗinsa. Daskarar da 'yan tayin da suka rage, kuɗi. Ajiyarsu, kuɗi duk shekara. Maganin riƙe ciki bayan dashe, kuɗi. Kowanne sai an kai gaɓar da ba a iya ja da baya ake sanar da mu. Mace tana tsakiyar allurai, ta yaya za ta ce ta fasa?

Ban ce an cuce mu ba, kowane kobo an ba mu rasit. Amma gwajin maigidana yana hannunsu tun makon farko, sun san inda za a je. Aikin nan kuma ba baƙo ba ne: a 1978 aka haifi Louise Brown a Ingila, a Abujar nan ma tun 1998 aka samu haihuwa ta wannan hanya. Asibitin da ya iya sarrafa ƙwan da ido ba ya gani ai ba zai gagara rubuta cikakken lissafi a shafi ɗaya ba.

Inshorar lafiyar ofishinsa ba ta biya ko sisi ba. Wannan ya fi yi min ciwo, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2023 kusan mutum ɗaya cikin shida yana gamuwa da matsalar rashin haihuwa a rayuwarsa. Ciwo ne kamar kowane ciwo, amma mai shi ake bar wa.

Gwajin jini bayan mako biyu ya nuna cikin bai zauna ba. A nan na ƙara yaba likitar, don tun farko ta ce mana babu tabbas, kuma damar tana raguwa idan mace ta haura shekara 35. Ita da kanta ta kira, ba ta bar wa sakatare ba.

Wanda zai je, ya nemi a rubuta masa kuɗin magani mafi yawa da zai iya kamawa, da na daskararwa, da na dashe na biyu idan na farko bai yi ba. Ya leƙa sashen dashen ciki na Babban Asibitin Ƙasa da ke Abuja ya kwatanta farashi. Mu dai muna da 'yan tayi a ajiye, dashensu bai kai tsadar farawa daga tushe ba. Na sake shiga adashe, kwasata bayan Babbar Sallah, kuma asibitin da aka yi mana na farko za mu koma in Allah Ya yarda.