Shagon da ya gano abin da ke sa kwamfutarmu barci

Ni ne sakataren ƙungiyar manoman rani ta ƙauyenmu, a ƙasar Taura, kuma duk lissafinmu yana cikin laftof ɗaya: sunayen mutane, buhunan takin da kowa ya karɓa, kuɗin man injin ban ruwa, bashin da ya rage. Ta hannu ce, mai Windows 10, karo-karo muka yi muka saya. Tun shigowar hunturun bana ta tsiro da wani hali. Ina cikin shigar da suna a Excel sai fuskar ta yi baƙi ƙirin, fanka ta yi tsit, 'yar fitilar gefe ta riƙa ƙyaftawa. In na kwashe tarkacen da ke kanta na danna madannin kunnawa sai ta farka. Wata rana sau ɗaya, wata rana sau shida. Ranar rabon taki, dattawa na tsaye cikin sanyi suna jirana, abin ya ci mini rai ƙwarai.

Na kai ta birni. Mai gyara na farko ya goge komai ya sake zuba Windows, Allah ya sa na riga na kwafe lissafin a filashi. Kwana biyu ta koma gidan jiya. Na biyu ko kunna ta bai yi ba ya ce batir ne, ya yanka mini kuɗin da ba mu da shi.

Wani malamin makaranta ne ya yi mini kwatancen wani shago a Ringim, ba nisa da tasha. Ɗan ƙarami ne, benci ɗaya, tebur cike da caja da matattun wayoyi. Mai shagon bai fi sa'an babban ɗana ba. Da na gama bayani bai ɗauki sukudireba ba, tambaya ya yi.

"Baba, in ta dawo, aikinka yana nan ko sai ka fara daga farko?"

Na ce yana nan.

"To barci take yi, ba mutuwa ba. Kuma duk barcin da ta yi sai ta rubuta dalilinsa."

Ya jawo kujera ya ce in matso in gani da idona. Ya buɗe wani abu mai suna Event Viewer, wanda ya ce kundin Windows ne, inda take rubuta abin da ya same ta da rana da sa'a har da daƙiƙa. Ya shiga ɓangaren System. Layuka ne dubbai, amma ya tace su ya bar masu lamba 42 kaɗai, na Kernel-Power. Wannan lambar, in ji shi, ita ce shaidar shiga barci. Da wuta ce ta yanke mata gaba ɗaya, lamba 41 za a gani bayan ta tashi, kuma wannan wata cuta ce daban. Tamu ba ta da 41 ko ɗaya.

A ƙarƙashin kowace 42 akwai dalili da Turanci, yana karantawa yana fassara mini. Kaɗan sun ce System Idle, wato an bar ta ba a taɓa ba har lokacin da aka tsara mata ya cika, wannan ba laifi ba ne. Ɗaya ya ce Battery, na kuwa tuna ranar da caji ya ƙare mini a fadama. Sauran duka, layi bayan layi, Button or Lid: ko an danna madanni, ko an rufe murfi. Na ce, "Injiniya, wallahi ban taɓa rufe ta ina cikin aiki ba." Ya ce ya yarda, amma ita haka ta gani.

Wurin da ya ƙara burge ni shi ne da na tuna masa wata rana da ta yi barci bayan an sake zuba Windows, wajen ƙarfe goma na safe. Ya nemo wani layi mai lamba 1, na Power-Troubleshooter, wanda ke nuna lokacin kwanciya da na tashi. Ƙarfe tara ya nuna. Kafin in yi gardama ya ce lokacin da ke cikin wannan layin da agogon duniya ake rubuta shi, mu kuma a Najeriya muna gaba da awa ɗaya. Na haɗa, ya zo daidai.

Sai ya turo mini ita. "Baba, yi aikinka yadda ka saba a gida." Na ciro wayata, na kunna data na jona su, na ajiye wayar a kusurwar laftof ɗin, inda mutum ke ɗora hannu. Take fuskar ta yi baƙi.

Ya ɗauki wayar ya juya rigarta, irin mai buɗewa kamar littafi. Ya kara ƙusa a bakinta, ƙusar ta manne. Maganaɗisu ne. Ya ce a murfin laftof akwai ɗan maganaɗisu, a jikinta kuma akwai wani ɗan abu da ke jin kusantowarsa, da haka take sanin an rufe ta. In wani maganaɗisun ya zo daidai wurin sai ta ɗauka murfi ne ya sauko. Tazarar yatsa ɗaya ta isa ta sa a dace ko a kuskure, shi ya sa ba kullum take yi ba. Rigar nan kuwa da shigowar sanyi na saye ta.

Ya ce ana iya gaya wa Windows kada ta yi komai in an rufe murfi, amma bai ba ni shawarar haka ba, don in na sa ta a jaka za ta ci gaba da aiki ta ɗau zafi. Batir ɗin ma bai bar shi a zato ba. Ya rubuta powercfg /batteryreport, rahoto ya fito, ya nuna mini abin da batir ɗin ke ɗauka yana sabo da abin da yake ɗauka yanzu, kusan rabi. Ya ce ya gaji, amma ba shi ne mai laifin ba, zai kai mu rani.

Shagon yana da nasa naƙasu. Na yi kusan awa biyu ina jira, domin shi kaɗai ne, ga masu waya a kansa. Ba ya ajiye kayan laftof, sai ya aika Kano, titin Beirut, a jira kwanaki. Amma kuɗin da ya karɓa bai kai na motata zuwa birni da dawowa ba, bai kuma kwance ko noti ɗaya ba. Wanda zai je, ya rubuta ranaku da lokutan da tasa ta yi barci a takarda ya tafi da su, kada kuma ya bari a goge masa Windows tukuna, don kundin yana tafiya tare da ita.

Yau mako uku ke nan wayar tana kan tabarma in ina aiki, laftof ba ta sake yi ba. In mun girbe alkama, shi zan kai wa kuɗin batir.