Highlander ko Pilot: shekara ɗaya da rabi da jif ɗin iyali a hanyoyin Kebbi

Wani ɗaurin aure ne a ƙauyenmu, can bayan Bunza, ya raba ni da Camry ɗina. Watan Agusta ne, ruwa ya kwana yana zuba. Daga inda kwalta ta ƙare zuwa ƙofar gidan amarya, sau uku cikin motar yana dukan ƙasa, a na ukun salansa ta lanƙwashe. Inna tana gaba, uwargida da yara huɗu suna baya a cunkushe, autar a kan cinya. Dole muka sauka, Inna ta tattare zanenta ta taka taɓo da shekarunta. Abin ya tsaya mini a rai. Da kaka ta yi, na sayar da shinkafar da na ajiye, na haɗa da kuɗin Camry, na shiga neman jif.

In na ce sabuwar mota, tokumbo nake nufi, wadda aka hau a Amurka aka shigo da ita ta tashar jiragen ruwa ta Legas, ba ta taɓa aiki a ƙasar nan ba. Dal a leda ta fi ƙarfin irinmu. Tun watan Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, don haka duk wanda ya ce maka yana da 'yar Kwatano mai sauƙin kuɗi, ka fara neman takardun duti kafin ka ɗaga bonet. Mu da ke kusa da Kamba mun sha ganin mutum ya biya kuɗinsa cas, mota ta kwana a hannun hukuma.

RAV4 na fara dubawa, na wuce ta da wuri. Mota ce mai kyau kuma ba ta da shan mai sosai, amma mu bakwai ne. Lexus RX 350 ma kujera biyar gare ta, kuɗin da za ka ƙara na ado ne da laushi. Sienna ce ta ɗan riƙe ni, don a fili da sauƙin shiga babu wadda ta kama ƙafarta cikin waɗanda na gani. Ƙofarta zugewa ake yi, tsohuwa za ta shiga ba tare da an tallafe ta ba. Sai dai cikinta a ƙasa yake, kuma abin da na gudo wa ke nan. Wanda tafiyarsa ba ta wuce Birnin Kebbi zuwa Sakkwato ko Argungu ba, ya sayi Sienna ya huta.

Saura biyu: Honda Pilot mai kusurwa huɗu, irin ta 2009 zuwa 2015, da Toyota Highlander ta 2008 zuwa 2013. Dukansu ana samunsu da injin silinda shida mai lita 3.5, tsayin cikinsu daga ƙasa kusan ɗaya, wajen santimita 20.

Zuciyata Pilot ta so, ba zan ɓoye ba. Mutum takwas take ɗauka, Highlander bakwai. Na shiga layin baya na ƙarshe da kaina na zauna, gwiwata ba ta tokari kujerar gaba sosai ba. Ko an tayar da layuka ukun duka, but ɗinta yana da sauran wuri kusan ninki biyu na Highlander. Kuma a kasuwa ta fi araha. Har na fara ciniki.

Makanikena, wanda ya shekara goma yana gyara mini mota, shi ya ja ni gefe. Ya ce, “Alhaji, wagga mota ba ta da laifi, amma ka san abin da za ka aura.” Abu biyu ya nuna mini. Na farko, injin Pilot da bel yake tafiya, wanda ake kira taimin bel, kuma ana so a canza shi idan mota ta ci wajen mil dubu ɗari. Yawancin tokumbo sun kai nan ko sun wuce, kuma ba ka san ko mai ita na can ya canza ba. Idan ya tsinke kana gudu, bawul-bawul na lanƙwashewa, aiki ya koma na kwance inji. Highlander kuwa sarƙa ce da ita, in ana yi mata juye a kan lokaci ba a cika taɓa ta ba. Na biyu, Pilot tana da wata dabara ta kashe wasu silindodi idan an miƙe hanya don a rage shan mai. Dabara ce mai kyau, amma idan mota ta tsufa takan jawo shan baƙin mai da lalacewar fulogi, kuma robobin da ke riƙe injin nata na musamman ne, masu tsada. A Kano ko Kaduna akwai masu gyaran Honda da suka san kan abin. A nan sai an bincika, kayan gyara kuma sau da yawa sai an yi oda an jira motar kasuwa.

Injin Highlander shi ne a cikin Sienna da Avalon da RX 350 da Camry mai silinda shida. Ko a Jega ko Koko ta tsaya maka, za ka samu wanda ya taɓa kwance irinsa. Ni da nake bin hanyar Yauri da iyali, ba na son abin da zai sa magariba ta same mu a gefen titi. Wannan ne ya kashe magana.

Highlander ta 2012 na saya, kuma da dalili. Daga 2011 aka raba kujerar layin ƙarshe gida biyu, kana iya kwantar da rabi ka sa kaya, yaro ya zauna a ɗaya rabin. A na 2008 zuwa 2010 a haɗe take, ko kaya ko mutane. Ƙaramin abu ne a ido, amma kusan kowace tafiya sai ya yi mini amfani. Akwai mai silinda huɗu, lita 2.7, wadda ta ɗan fi sauƙin mai, amma tayoyin gaba kawai ke jan ta. Na ɗauki mai shida mai jan ƙafa huɗu saboda damina.

Kafin wannan, na kusa faɗawa rami a wani wurin sayar da motoci. Wata mota na gani, fenti sai ƙyalli, agogo ya nuna mil dubu saba'in da 'yan kai. Makanike ya durƙusa ya dubi robar birki da ta totur, duk sun cinye har ƙarfe ya fito, sitiyari ya yi sulɓi. Ya ɗaga kafet ya shinshina, ya zura hannu ƙarƙashin kujera ya fito da busasshiyar laka, ga tsatsa a ƙusoshi. Muka sa lambar shasi, mai haruffa da lambobi 17, a intanet, sai ga hotonta a filin gwanjo a Amurka, ambaliya ce ta cinye ta. Dillalin yana ta rantsuwa bai sani ba. Allah ne masani, mu dai muka yi sallama. Kuɗin da na biya aka duba lambar bai kai na rabin tanki ba.

Yanzu shekara ɗaya da rabi. A damina biyu na shiga ƙauye da ita ba ta taɓa ƙasa ba, Inna kuma a ƙofar gida take sauka. Na sa an ɗaura mata matakala a gefe don ta ce motar ta yi mata tsawo. Sanyinta yana kaiwa har baya, kuma wanda ya san Birnin Kebbi a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ya san darajar wannan. A gargada tana da laushi, ba ta jijjiga mutum. Amma kada kowa ya ɗauke ta Hilux ko Prado. A kan ginin Camry aka ɗora ta, ba a yi ta don ratsa fadama ko ɗaukar buhu goma ba. Sau ɗaya na gwada ta a yashi mai zurfi wajen Dakingari, da ƙyar ta fita, ban sake ba.

Inda ta gaza shi ne layin ƙarshe. Na yara ne zalla. Babban ɗana ya shiga shekara sha huɗu, ya fara ƙorafin ƙafa tun kafin mu kai Kalgo. Idan mu bakwai muka cika ta, but ɗin buhun shinkafa ɗaya yake ɗauka da 'yar jaka. Duk lokacin da muke loda kayan Sallah ina tuna Pilot.

Sai mai. Tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayu 2023, lissafin mai mota ya canza. Tankinta yana cin lita 72 da ɗoriya, lokacin da lita ta haura naira dubu kuwa, cika shi ya wuce naira dubu saba'in. A cikin gari da sanyi a kunne, lita ɗaya tana kai ni kilomita bakwai zuwa takwas, a doguwar hanya ta kusa goma. Shi ya sa na bar babur ɗina don zuwa shago, jif ta zama ta makaranta da asibiti da tafiya.

Gyaran da na yi mata bai taka kara ya karya ba: juye, birki, shokozoba biyu na gaba, sai famfon ruwa da ya fara ɗiga, abin da ba mamaki ga motar da ta haura shekara goma. Ran da aka gano shi aka samu wani a cikin gari, kafin la'asar na ɗauko yara daga Islamiyya da ita. Kafin babbar Sallah zan sa a ɗaura mata kariya, wato ƙarfen ɗora kaya, a sama, don kayan Inna su daina hawa cinyar jikokinta.